Takardar da Ta Lalace: Ta'aziyyar Malam Salihu Ɗanlahadi

Yau Alhamis, goma sha biyar ga watan Mayu, 2025. Na tashi da kumburin ƙafa, tarin da ya kama ni tun ƙarshen azumi bai sake ni ba, idona na hagu kuwa sai dai a ce akwai shi. Da na dama nake rubutu, ina hutawa bayan kowane layi biyar. Ina zaune a zaurena a nan Ƙanƙara. Na sa an share, an ajiye kujera, an dama fura an rufe, domin ina jiran baƙo daga birni. Kafin ya iso bari in sauke abin da ke wuyana.

Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa ake mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Lahadi huɗu ga wannan wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Salihu Ɗanlahadi, tsohon hedimasta, yana da shekara saba'in da bakwai, bayan jinyar mako uku. An yi masa sutura bayan azahar. Ban iya raka shi makwancinsa ba. A bakin ƙofa na tsaya da sanda har makara ta sha kwana.

Malam, ranar Lahadi aka haife ka a wata unguwar Maguzawa bayan 'Yargoje, ranar Lahadi ka tafi. A kwalejin horon malamai muka haɗu, ina gaba da kai da aji uku. A can ka musulunta, aka ce maka Salihu, ka ƙi yar da sunan da mahaifiyarka ta sa maka, ka kuma ƙi yar da danginka. Shi ya sa ranar jana'izarka mutanen masallaci suka yi sahu, danginka na coci suka tsaya gefe ƙarƙashin darbejiya suna kuka, babu wanda ya kori wani. Ka koyar a 'Yargoje, ka koyar a Ruwan Godiya, ka yi hedimasta a ƙauyukan Sabuwa shekara goma sha ɗaya a lokacin da kowa ke neman a ɗauke shi daga can saboda munin hanya. Da ka yi ritaya ba ka bar aji ba. Ni kuwa na zama sufeton makarantu, ina yawo da babur ina sa hannu a rajista. Har ka mutu Sufeto kake ce mini, ni kuma Hedimasta.

Mutane da yawa za su faɗi alherinka, kuma duk gaskiya za su faɗa. Ni abu ɗaya nake so in rubuta, domin in ban rubuta ba babu mai rubutawa: yadda masu bincike na jami'o'in ƙasar nan suka yi shekara arba'in suna zuwa suna tambayarmu a kan na'urorin koyarwa, da yadda kai kaɗai ka ba su amsa, da abin da suka yi da amsar.

A 1984 na fara ganin irinsu. Wani saurayi ya zo daga jami'a da jaka cike da takardun tambayoyi. Motarsa ta lalace a hanya, ya iso 'Yargoje jiƙe da gumi. Ni na tara masa malamai sittin na yankin, aka yi masa tuwo ya ci. Sannan ya raba takardu. Kowace magana tana da gida biyar a gabanta: na yarda ƙwarai, na yarda, ban sani ba, ban yarda ba, ban yarda ba sam. Maganar farko ita ce majigi yana taimaka wa yara su fahimci darasi. A cikinmu babu wanda ya taɓa ganin majigi a aji. Na ma'aikatan lafiya kawai muka sani, wanda ake haskawa a bangon gidan hakimi. Amma mutum ya taso daga nesa, ya ci abincinmu, ga shi tsaye yana murmushi. A wurinmu ba a kallon baƙo a ce masa ban yarda ba. Malamai hamsin da tara suka sa alama a gidan farko tun daga sama har ƙasa. Ni ma ina cikinsu.

Kai kuwa ka sa alama a gida na ƙarshe, ka juya bayan takardar ka cika ta da rubutu: babu majigi, babu wuta, ajin ba shi da ƙyaure balle a yi duhu, abin da muke da shi rediyo ne, ga abin da na gani a kansa. Na ja ka gefe na ce ka kunyata mu a gaban baƙo. Ka ce, "Sufeto, tambayata ya yi ko gaishe ni ya yi? In gaisuwa ce, lafiya lau. In tambaya ce, ga amsa nan."

Bayan shekara biyu aka aiko wa ofishinmu kundin da ya rubuta. Ya ce malaman karkara suna da kyakkyawan ra'ayi game da majigi. A shafin da ya bayyana yadda ya yi aikin ya rubuta cewa an raba takarda sittin, an samu hamsin da tara masu kyau, ɗaya ta lalace. Na kawo maka ka karanta. Ka yi dariya har ka riƙe ciki, ka ce, "Ga ni nan, Sufeto. Na shiga littafi."

Daga ranar ba su daina zuwa ba. Na'ura ce kawai ke sauyawa. Bayan majigi aka zo talabijin. Bayan talabijin aka zo kwamfuta, aka yi shekara goma babu abin da ake rubutawa sai ita. Sannan ƙananan kwamfutoci masu kamar faranti, sannan wayar hannu. Da annobar korona ta rufe makarantu, kowane malamin jami'a ya wayi gari masani a kan karatu daga gida. Yanzu kuma an ce ƙirƙirarriyar basira ake yayi, wato na'urar da ke amsa tambaya kamar mutum. Takardar tambayoyin kuwa ita ce dai ta 1984, da gidajenta biyar. Goge sunan tsohuwar na'ura suke yi su sa na sabuwa. Taken ma ɗaya ne: ra'ayin malamai game da kaza a ƙaramar hukuma kaza. Wanda ya yi Faskari bana, abokinsa zai yi Sabuwa baɗi. Kuma sakamakon bai taɓa sauyawa ba: malamai sun yarda ƙwarai, matsalar ita ce rashin wuta da rashin horo, ana ba gwamnati shawara ta samar da wuta da horo. Shekara arba'in ana gano cewa babu wuta a Ruwan Godiya. Mutum ya zama dokta da wannan, ya zama farfesa da wannan, ya yaye ɗalibai su ma su zo su gano.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa zama ya yi tunanin me ya sa kullum muke yarda. Da yawansu Hausawa ne, iyayensu sun koya musu kara kamar yadda aka koya mana. Sun san sarai abin da ake yi wa baƙo. Amma da sun rataya jaka sai su manta, su auna kunyarmu su kira ta ra'ayi, su zuba ta a jadawali da lambobi har da ɗigo. Kuma babu ɗaya da ya dawo bayan shekara ya ga ko na'urar tana aiki, ko yaro ɗaya ya ƙaru da harafi ɗaya. Kwamfutoci shida da wata ƙungiya ta kai wata makarantar da nake dubawa, a kwali suka tsufa, ɓeraye suka haihu a ciki. An rubuta takarda uku a kan zuwansu. Ba a rubuta ko ɗaya a kan ɓerayen ba.

Sau tara ka cika musu takarda, a iya sanina, kuma sau tara ka juya baya ka yi rubutu. A kundi huɗu da suka faɗo hannunmu mun ga layin nan: ɗaya ta lalace. Daga baya ma suka huta da zuwa. Shekara biyu da suka wuce wani ya rubuta cewa ya tambayi malamai ɗari da ashirin a ƙauyukan Sabuwa game da koyarwa ta waya. A jerin makarantunsa har da wadda ka yi hedimasta, wadda 'yan bindiga suka sa aka rufe tun shekara uku kafin nan, babu kowa cikinta sai jemagu. Malaman wannan makaranta ma, in ji shi, sun yarda ƙwarai. A wannan karon babu takardar da ta lalace. Inda aka cika su, Allah Ya sani, shi ma ya sani.

Ga kuma abin da kai ka yi, wanda ba a taɓa bugawa ba. Tun 1977 da aka kawo rediyon makaranta ka sayi littafin rubutu ka fara rubuta abin da kake gani. Ka lura darasin rediyo yana zuwa da ƙarfe goma, ranar kasuwa kuwa rabin aji ba ya nan, malamin cikin rediyon kuma yana gudu da Turanci kamar an biyo shi. Ka ari rakoda wurin wani direba kana ɗaukar darasin a kaset, kana sa wa yara guntu-guntu, kana tsayarwa kana fassarawa. Ka raba aji biyu, rabi da kaset rabi babu, ka gwada su bayan wata uku, ka rubuta sunan kowane yaro da abin da ya iya. Inda kaset bai yi amfani ba ka rubuta bai yi ba. Inda laifinka ne ka rubuta laifina ne. Haka ka yi da kowace na'ura da ta ratso ta hannunka.

Da mutanen ƙauyuka suka yi gudun hijira suka cika Ƙanƙara, kana da shekara saba'in da uku, kai da Malama Zulaihatu, shugabar wata firamare a nan gari, kuka riƙa ɗaukar karatun baƙi da wasali da muryarku a memori, kuna sa wa iyaye mata a ƙananan wayoyinsu, tunda ita wannan ba ta neman sabis kuma cajinta yana kwana uku. Ka bi gida-gida da sandarka. Cikin yara talatin da huɗu, goma sha tara suka iya haɗa baƙi a wata huɗu. Ba ka tsaya murna da su ba, ka bi sauran goma sha biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya don ka san dalili. Ka gano a gida shida maigida ne ke fita da wayar kasuwa tun safe. Wannan duk yana littafi na goma sha ɗaya, wanda ba ka gama ba.

Ni kuma abin da ka yi mini, kai da Allah kuka sani. Tun da matata ta rasu, 'ya'yana suka watsu garuruwa, kowace Alhamis da hantsi sai na ji sandarka a bakin zaure. Kakan zo da zuma in an kawo maka daga Sabuwa, ka karanta mini abin da idona ya kasa, mu yi gardama har azahar. Shekara shida ba ka fasa ba sai da ciwo ya kwantar da kai. A garin nan yanzu babu sauran mai ce mini Sufeto.

Baƙon da nake jira yau ɗalibinka ne, Farfesa Salahuddeen. Sala muke ce masa a Ruwan Godiya. Mahaifinsa ya so ya zaunar da shi a rumfar kasuwa, ka yi sawu uku kana roƙo har ya haƙura. Ranar jarrabawar shiga sakandare rafi ya cika, ka ɗauke shi a wuya ka ƙetare, ka koma ka ɗauko keke, ka goya shi har Faskari. Yau shi ne babba a fannin na'urorin koyarwa a jami'arsu. Ana gayyatarsa ƙasashe. Rabonsa da garin nan shekara tara.

Bara ya fitar da wata takarda mai shafi talatin, ɗiyar ƙanwarka Blessing, wadda ke aikin jinya a Funtuwa, ta bugo maka ita. Ya tattara abin da malaman jami'o'in ƙasar nan suka rubuta a kan na'urorin koyarwa cikin shekara ashirin, ya ƙirga, ya zana layi yana hawa sama, ya ce fannin yana bunƙasa. Ya faɗi jami'ar da ta fi yawan rubutu, da kalmar da aka fi yayi a kowace shekara. Wato bincike a kan masu bincike, ƙirga a kan ƙirga. Ka karanta mini ita a nan zauren, ina tsaki tun daga shafin farko. Na ce wannan takardu ya ƙirga, bai ƙirga yaran da suka iya karatu ba. Ka ce in yi haƙuri. A shafi na ashirin da bakwai ka tsaya, ka ɗora yatsa. A layi biyu ya ambata cewa mafi yawan binciken takardar tambayoyi ce, kuma a kan ɗaliban jami'a aka yi, firamaren karkara kusan babu wanda ya leƙa. Ya kira wannan gurbin da ke buƙatar ƙarin bincike, ya wuce.

Fuskarka ta yi haske kamar an yi maka albishir. Ka ce, "Ka gani? Yaron nan ya lura."

Na ce, "Ya lura da mi? Ya ga rami ya ce akwai rami, ya tsallake."

Ka ce, "Kai dai Sufeto ba ka taɓa son kowa ba sai babur ɗinka."

Kwana biyar kafin ka rasu ka sa aka kawo mini littattafan nan goma sha ɗaya a cikin buhu, ka sa aka ɗauko ni a mota zuwa gefen gadonka. Ka ce in ba Salahuddeen hannu da hannu, kada in ba ɗan aike, kuma ya zauna ya karanta na farko a gabana kafin ya tafi da su. Na ce, "In bai zo ba fa?" Ka ce, "Zai zo. Ni na koya mashi riƙon fensir."

Bai zo jana'iza ba. Ya aiko da saƙon ta'aziyya mai tsawo da Turanci, aka karanta wa matarka Hajiya Ramatu ana fassara mata. Ranar sadakar bakwai na sa aka kira mini shi a waya na faɗa masa wasiyyarka. Ya ce, "Haba Baba, ai wajibi ne. Alhamis mai zuwa in sha Allahu da kaina zan zo, kafin azahar ina gabanka." Yau ce Alhamis ɗin.

Malam, amanar nan ta yi mini nauyi. Shekarata tamanin da ɗaya. Hadari ya fara haɗuwa gabas, rufin ɗakina yana yoyo, gara kuma ta riga ta ci gindin buhun sai da na ɗora shi kan kujera. Na kuma san abin da ke samun takardun tsoho in ya mutu. Yara za su zo su yi kwana bakwai, a share ɗaki, a ba almajiran gida tufafi, takardu kuma su ƙare a wurin mai ƙosai. Na taɓa sayen ƙosai a cikin takardar da na sa wa hannu da kaina. Ba na so wani ya lashe mai daga littafinka na 1977.

Kuma akwai abin da na shirya faɗa masa. Ni ne na riƙa tara musu malamai. Ni ne na riƙa cewa a taimaki baƙo a cika masa da kyau. Duk ƙaryar da aka buga da sunan yankin nan a zamanin aikina, da hannuna a ciki, kuma ban taɓa ba ka haƙuri a kan abin da na faɗa maka a 'Yargoje ba. Na yi niyya in ya zauna a kujerar nan, ya sha fura, in dube shi in ce masa ban yarda ba. Ban yarda fanninsu yana bunƙasa ba. Ban yarda layin da ke hawa sama ya koya wa yaro ko ɗaya harafi ba. Binciken gaskiya da aka yi a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ga shi nan a buhu, wanda ya yi shi ba shi da digiri, kuma sau huɗu abokan aikinsa suna rubuta cewa ya lalace. Zai zama karo na farko a rayuwata da na faɗa wa baƙo haka, kuma ina jin na ƙarshe.

Allah Ya jiƙanka, Malam Salihu. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Allah Ya sa duk harafin da wani ya karanta ta dalilinka ya zama maka sadaka mai gudana. A can babu mai jefar da takardarka don ka yi rubutu a bayanta. Allah Ya ba ka ita a hannun dama, Ya sada ka da Aljanna Firdausi. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata ƙarshenmu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Ramatu, wadda ta yi shekara hamsin tana haƙuri da mijin da ke raba lokacinsa da 'ya'yan mutane, da 'ya'yanku Kabir da Hajaratu da Mubina, da jikoki, da Blessing da dukan dangi na 'Yargoje, na masallaci da na coci, da Malama Zulaihatu, da ɗalibanka na gaskiya a duk inda suke. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Mamuda Barau, tsohon sufeton makarantu, Ƙanƙara.

Ƙari, bayan la'asar. Na yi azahar a zaure don kada ya zo ya tarar ba kowa. Mota biyu sun tsaya a layin, duk ba tasa ba ce. Gobe zan aika a roƙi Malama Zulaihatu ta riƙa zuwa da littafin rubutu ta kwafa, daga na farko har na goma sha ɗaya. Ka hana a ba ɗan aike, ba ka hana a kwafa ba. Na asalin zan ci gaba da ajiye masa kamar yadda ka ce, iya kwanan da ya rage mini.

Ga shi ana kiran magariba. Farfesa bai zo ba, ko waya bai yi ba. Furar da aka dama masa ta yi tsami.